Aslaug da Layin Sauholm

Aslaug Mykland ba mace ce mai daɗin zama ba. Na faɗi haka tun tana raye, a gabanta, ta ce gaskiya ne. Shekara talatin da biyu muka yi a ofis ɗaya a kamfanin jiragen fito na garinmu, teburinta na kallon nawa, ban taɓa ganin ta miƙa wa wani gutsuren burodinta ba. Kullum yanka uku take zuwa da su a naɗe cikin takarda, biyu da cuku, ɗaya da kifi. Ƙarfe sha ɗaya da rabi za ta ci, ta ninke takardar ta mayar cikin jaka saboda gobe. Ba ta kunna rediyo sai lokacin rahoton yanayin teku. In ana karanta shi kuwa, ko manaja ne ya shigo sai ya jira.

Ni sunana Reidun. Aikina na farko a kamfanin huda kati ne. A wancan zamani in kana so kwamfuta ta yi wani abu, sai ka rubuta a takarda, ni in zauna gaban na'ura in mayar da rubutun huji-huji a jikin kati, a kwashi katunan a zuba mata. Duk abin da Aslaug ta rubuta ta hannuna ya bi. Ban yi jami'a ba, ita ma ba ta yi ba. Amma wanda ya huda rubutun mace shekara goma ya san ta fiye da mijinta. Aslaug kuwa ba ta taɓa aure ba.

A Sauholm aka haife ta, tsibirin da ke can bakin teku bayan duk sauran. Tana yarinya gida tara ne a wurin. Lokacin da na san ta saura biyu, daga baya ya koma ɗaya, wanda mahaifiyarta da ƙanenta Eilif ke ciki. A shekarar 1971 tsohuwar ta kwanta ciwo. Eilif ya ce a bar ta ta mutu a gadonta. Aslaug ta tafi da jirgi da maza biyu, suka ɗauko ta a kan kujera suka kawo asibiti. Kwana sha ɗaya ta yi ta mutu. Teku ya yi hauka a makon nan, ba halin mayar da gawa, aka binne ta a gari. Eilif bai zo jana'iza ba. Ya cire wayar tarhon gidan, ya sa ta cikin kwali, ya rubuta sunan Aslaug a jiki, ya ba jirgi ya kawo mata ofis. Daga nan ba su ƙara magana ba. Ba wasiƙa, ba gaisuwar Kirsimeti.

Jirgi ba ya tsayawa a Sauholm sai an kira shi. Akwai allon ƙarfe bisa sanda a matsayar jirgin, gefe ɗaya baƙi, ɗaya fari. In kana son jirgi sai ka zare sakata, ka juya farin ya kalli teku, ka mayar da sakatar. Aikin hannu biyu ne, allon ya yi nauyin buhun dankali. Kuma ba a ganinsa sai jirgi ya bi hanyar waje, ta bayan duwatsu. Hanyar ciki ta fi kusa da minti bakwai, ruwanta ya fi kwanciya, amma daga can ba abin da kake gani na Sauholm sai ƙeyarta. Eilif na zaune shi kaɗai da tumaki goma sha wani abu, da ciwon zuciya irin wanda ya kashe ubansu. In wani abu ya same shi, allon nan ne kaɗai bakinsa, kuma sai in jirgi ya duba.

A 1974 kamfani ya nemi wanda zai je Oslo, babban birnin ƙasarmu, wata huɗu ya koyo Simula, harshen da za a riƙa yi wa sabuwar kwamfutarmu magana da shi. Mazan ofis duk suka ce suna da iyali. Aslaug ta tafi. Da ta dawo ita ta rubuta manhajar da ke buga wa kowane kyaftin takardar aikinsa ta yini.

Ga yadda abin yake, kamar yadda ta bayyana mini tana dungurin takarda da fensir. Hanyoyinmu goma sha huɗu ne, kowacce da tashoshinta da lokutanta. Amma akwai abin da duk suka haɗa: kwanan wata, sunan jirgi, sunan kyaftin, yanayin ruwa. Maimakon a rubuta waɗannan sau sha huɗu, sai a rubuta su sau ɗaya a wani sashe da muke kira uwa. Kowace hanya kuma 'ya ce. Tana gadon duk abin da uwar ta sani da duk aikin da ta iya, sannan ta ƙara nata. A harshen da Aslaug ta koyo, uwa ce ke fara aiki. Za ta rubuta kan takardar, in ta iso wata kalma, inner, sai ta dakata ta ba 'yar wuri ta jera tashoshinta. 'Yar na gamawa uwar ta karɓa ta rufe takardar. 'Yar ba ta kiran uwa, ba ta ma san da ita ba. Uwar ce riƙe da ƙofar shiga da ta fita.

Ina cikin huda katunan uwa wata safiya na ci karo da wani abu a can ƙasa, bayan wurin da aka bar wa 'ya'yan. An ce duk jirgin da zai ratsa tsibiran waje, a buga masa wannan layi a ƙarshen takardarsa: Bi hanyar waje. Duba allon Sauholm.

Na ce, "Ke Aslaug, wannan fa? Sauholm a cikin uwa? Ai hanya ta tara ce kaɗai ke zuwa can."

"Huda."

"Tambaya nake yi."

"Tambaya aka ɗauke ki yi, ko huda?" Ta ci gaba da rubutunta. Can sai ta ce, "Yau ne take hanya ta tara. Gobe wani mai taye zai zo ya raba ta biyu, ya canja lambobi, ya manta. In yana cikin uwa, duk 'yar da aka haifa da shi za ta zo, ko tana so ko ba ta so."

"Ya san kin yi?"

"Wa?"

"Kin san wa."

"Reidun, katin nan a karkace kika huda shi."

Ba a karkace yake ba.

Shekara ashirin da uku layin nan na fitowa. An raba hanya ta tara, an haɗa ta da ta goma, an sake rabawa, kamar yadda ta ce. Layin bai taɓa fashi ba. Kyaftin zai bi waje, ya ɗaga madubin hangen nesa, ya rubuta baƙi ko fari a gefen layin, washegari takardar ta dawo ofis. Aslaug ce ke karɓar takardun, ko da yake ba aikinta ba ne. Za ta zare guda, ta dubi ƙasanta, ta mayar. Sau biyu ko uku a wata fari ke fitowa, in Eilif zai je kanti a tsibirin da ke kusa. Iyakar abin da ta sani game da ƙanenta ke nan, kuma ban ga alamar tana neman ƙari ba. Sau ɗaya aka yi kwana ashirin ba fari. Ta daina cin burodinta. A kwana na ashirin da ɗaya fari ya fito, ta ce, "Jaki," ta buɗe takardarta ta ci.

A 1997 aka kawo mana Kjetil Aune daga Oslo ya shugabanci sashenmu. Mutum ne mai shekara arba'in, yana zuwa aiki a keke ko da ana tsuga ruwa. Ba mugu ba ne, kuma ya san aikinsa. Ya ce tsohuwar kwamfutar ba a ƙara yin kayan gyaranta, dole a mayar da komai cikin sabon harshe, kuma takarda ta ƙare, kyaftin zai riƙa ganin aikinsa a fuskar kwamfuta cikin jirgi. Ba abin da zai riƙa dawowa ofis. Aslaug ta ce a bar wa kyaftin wurin rubuta baƙi ko fari. Ya ce baɗi. Shi ya koya mata sabon harshen, zaune a gefen teburinta, ni ina ji.

Ya ce, "A nan kuma 'ya ce ke fara aiki. In tana son aikin uwa, sai ta kira ta. Ki rubuta super, ki sa ɗigo, ki sa sunan aikin."

"In ba ta kira ba fa?"

"Sai uwar ta zauna shiru."

"Kwamfutar ba za ta yi ƙorafi ba?"

"A kan me? Ai ba laifi ba ne. Wataƙila 'yar ba ta bukatarta."

"Su wa suka ƙirƙiro wannan?"

"Amurkawa."

"Na ga alama."

Ya yi dariya. Ya ce, "Haba Aslaug, kai ya waye. Yara sun girma."

Ta ce, "Kai dai ɗan Oslo, sauka mini daga kan tebur."

Ta koya, cikin wata uku, tana da shekara hamsin da tara. Ta sake rubuta uwa da 'ya'ya sha huɗu. A ƙarshen kowace 'ya ta sa kiran uwa, ta duba kowacce sau uku da tsinin fensir a jikin gilashin kwamfuta. Duk lokacin zafi na 1998 komai ya tafi daidai.

Cikin Oktoba kamfani ya sayo sabon jirgi mai gudu, ya ɗauko ma'aikatansa daga arewa, mutanen da ba su taɓa ganin Sauholm ba. Aka ce jirgin zai riƙe tsibiran waje duk lokacin sanyi, a sabuwar hanya, ta goma sha biyar. Ranar wata Juma'a aka kawo lokutan, Kjetil na wurin taro. Aslaug ta rubuta sabuwar 'yar cikin awa ɗaya, kafin cin abinci. Ta jera tashoshi, ta rufe. Hannunta ya yi abin da ya saba shekara ashirin da uku: 'ya ta gama nata ta yi shiru, uwa ta karɓa. Amma a nan ba mai karɓa. Ba ta rubuta kiran ba. Yaron da ya fara koyo a sabon harshen ba zai yi wannan kuskure ba, sai wanda ya san yadda abin yake a da.

A lokacin aikina ya koma gwada abin da aka rubuta. Na gwada. Tashoshi daidai, lokuta daidai. Ban duba can ƙasa ba. Na faɗi wannan ne don kada a ce na ɓoye nawa.

Jadawalin sanyi ya fara ranar Litinin, biyu ga Nuwamba. Sabon jirgin ya bi hanyar ciki, don ba abin da ya ce masa ya bi waje. Haka ya yi ta yi kullum.

A kwana na tara, ranar Talata da tsakar rana, Oddvar ya shigo ofis da takalmin ruwa, yana warin koto. Tsohon masunci ne, mai ɗana tarkon ƙaguwa a bayan duwatsu, sun yi makarantar firamare tare da Aslaug. Bai cire hula ba.

"Aslaug, ƙanenki ya mutu."

"Yaushe?"

"Likita ne zai faɗa. Ya daɗe dai. Na ga allo fari, na tsaya, na hau. Murhu ya mutu, tumaki na ta kuka. Yana zaune a kujerar bakin ƙofa, da takalmi ƙafa ɗaya."

"Sawa yake yi ko cirewa?"

"Ban tambaye shi ba."

Ba ta yi kuka ba. Ta juya ga kwamfutarta, ta buɗe hanya ta sha biyar, ta gangara ƙasa. Na taso na tsaya bayanta, muka gani tare. Ta yi kamar minti ɗaya tana kallo. Sai ta rubuta kiran uwar da ya ɓace, bai kai tsawon yatsana ba, ta gwada, layin Sauholm ya fito. Sannan ta ɗauki kwat ɗinta ta bi Oddvar.

Likita ya ce Eilif ya yi aƙalla kwana bakwai da mutuwa, wataƙila tara. A nan magana ta rikice. Oddvar ya rantse cewa ranar Juma'a, kwana huɗu kafin ya same shi, ya wuce Sauholm da hantsi zai duba tarkonsa, ya kalli allon kamar yadda ya saba, baƙi ne. Ranar Talata kuma fari, da sakata a wurinta. Ba wanda ya je tsibirin a tsakani. An tambayi kowa mai kwalekwale.

A Sauholm aka binne shi, Aslaug ta tsaya a kan haka. Bayan an dawo, muna shan kofi a zauren coci, ta je ta zauna gaban Oddvar.

"Idonka ya mutu, Oddvar. Fari yake tun Litinin."

"Baƙi na gani."

"Ka sha ne."

"Rabona da giya tun bikin 'yata, kin kuwa sani."

"To hazo ne."

"Wane hazo? Garau ake ranar. Ke Aslaug, wanke ki nake yi kina ƙi? In baƙi ne ranar Juma'a, bai kira ba ke nan. Ko jirgi ya bi waje ba abin da zai gani."

"In baƙi ne ranar Juma'a, wa ya juya shi?"

Oddvar ya ɗauki kek ya mayar kan faranti.

A gaban mutane laifin ta zaɓa. Ta rubuta wa hukumar kamfani shafi ɗaya: ga layin da ta bari, ga ranar, ga abin da ya biyo baya. Ba ta sa sunana ba. Na ce ta sa, ta ce shafin ya cika. Hukuma ta ce ba a tabbatar da komai ba, aka rufe maganar.

Mako biyu bayan haka ta sake fasalin manhajar ba da izinin kowa ba. Ta kulle aikin uwa yadda 'ya ba za ta iya maye gurbinsa ba, ta bar wa 'ya'yan gurbi ɗaya a tsakiya inda za su jera tashoshinsu. Wato ta mayar da abin yadda yake a da, cikin sabon harshen: uwa ta buɗe, uwa ta rufe. Kjetil ya duba ya ce wannan dabara ce mai kyau, har suna gare ta a littattafai. Ta ce, "Mu ba mu raɗa mata suna ba, yi kawai muke yi."

Bayan sabuwar shekara ya zo teburinta, a tsaye wannan karon, yana murza hannu.

"Aslaug, layin nan. Ba kowa a can yanzu. Su kyaftin suna ƙorafin minti bakwai ɗin, ga ruwan waje da sanyi."

"Me ƙa'ida ta ce?"

"In dai akwai mutum ɗaya mai rajistar zama a tsibiri, dole jirgi ya duba."

"Mutum ɗaya."

"Ɗaya. Amma babu."

"To."

Ranar Litinin ta je ofishin rajista ta mayar da adireshinta Sauholm. Ranar Talata ta ba da takardar barin aiki. Na same ta tana kwashe aljihun teburinta cikin leda biyu.

Na ce, "Kin haukace ne? Mutumin nan ya mutu. Ba zai gode miki ba, ko yana raye bai gode ba."

Ta ce, "Wani ya juya allon nan, Reidun. In shi ne da ransa, ba a duba ba. In kuma ba shi ba ne, to akwai mai son a duba. Ko wanne ne, ba za a daina dubawa ina numfashi ba." Ta miƙo mini fensirinta. "Riƙe. Ya fi naki."

Shekara sha ɗaya ta yi a can. Ta riƙe tumakin har suka ƙare ɗaya bayan ɗaya. Kjetil ya aika mata wayar hannu, amma ba ta kamawa a bayan duwatsu, ta sa ta cikin aljihun tebur. Sau ɗaya na je, cikin Yunin 2003. Jirgin yamma ya sauke ni, ƙarfe huɗu. Na tsaya a matsayar ina jiran a miƙo mini jakata, na jingina da sandar allon. Baƙi ne ke kallon teku. Na tabbata, don na taɓa shi, fentin na ɓarewa, har ya manne mini a hannun riga.

Gidan na can bisa tudu, tafiyar minti biyar. Ta dafa dankali da kifi, muka ci, ta tambaye ni ko Kjetil ya taɓa uwar manhajar. Na ce bai taɓa ba. Ɗaki ɗaya muka kwana, ita a gadon tsohuwarsu, ni a na Eilif, don ɗayan ɗakin yana yoyo. Ba ta fita ba. Ni mai sauƙin farkawa ce, kuma katakon gidan nan ko kyanwa ta taka sai ya yi ƙara.

Ƙarfe takwas na safe na ga tana sa takalmin ruwa. Jirgi sai goma yake wucewa.

"Ina zuwa?"

"Matsaya. Zo in kina so."

Rana ta fito sosai, ba iska, teku a kwance kamar faranti. Muna gangarowa, tun daga nesa na ga gefen da ke kallonmu baƙi ne. Wato fari na kallon teku. Sakata na wurinta. Aslaug ba ta ko rage sauri ba. Ta zare sakatar, ta sa kafaɗa ta juya allon, ta mayar, ta share hannu a jikin siket.

Na ce, "Jiya baƙi ne."

"Na sani."

"Wa ya juya?"

"Ban tambaya ba."

"Sau nawa yake yin haka?"

"Sau biyu a wata. Wani watan uku." Ta dube ni. "Kamar dai lokacin zuwa kanti."

Na kama sakatar na jijjiga, ko sako-sako take. Ba ta ko motsa ba. Na leƙa ƙarƙashin katakon matsayar, ba komai sai ruwa da ciyawar teku.

Ta ce, "Shi ya sa nake saukowa kullum kafin jirgi. In suka tsaya a banza sau biyar, na shida ba za su ɗaga madubi ba, ko layin na nan ko ba ya nan. Kin san maza."

"Ba kya jin tsoro?"

"Tsoron wa? In shi ne, ni na yi masa wanka yana jariri. In kuma yana da magana, ya san inda gidan yake." Ta fara hawa tudun. "Kofi zai huce."

Ni ban yarda da fatalwa ba, har yau. Na binne miji da 'ya, ba wanda ya dawo ya juya mini ko cokali. Amma da la'asar na sauko na juya allon da hannuna, na hau jirgi, ban ƙara kwana a Sauholm ba. Ta riƙa zuwa gari sau biyu a shekara ganin likitan haƙori, mu sha kofi. Ba ta taɓa kwana ba. Kullum cewa take sai ta koma kafin safiya.

Cikin Fabrairun 2010 jirgin safe ya bi waje, ya ga fari, ya tsaya. Ba kowa a matsayar. Biyu daga ma'aikatan suka hau gidan. Suka same ta a ƙasan kicin, ƙugunta ya karye, murhu ya mutu, ba takalmi a ƙafarta. Tun jiya da tsakar rana take kwance a wurin, ta zame ne tana ɗauko itace. An yi dusar ƙanƙara kwana biyu kafin nan, daga baya ba a ƙara ba. Mutanen suka ce daga matsaya har ƙofar gidan akwai sawunta na safiyar jiya, sauka da hawa, sai nasu. A safiyar jiyan kuwa jirgi ya wuce, ya duba, baƙi ne.

Na je na gan ta a asibiti. Ta ƙanƙance ƙwarai, amma bakin na nan.

"Sun bi waje?"

"Da ba su bi ba, da ba kya nan."

"Layin ne ya fito, ko kyaftin ne ya tuna?"

"Sabon kyaftin ne, sati biyu da fara aiki. Ko sunan tsibirin bai iya faɗa ba. Layin ne."

"A wace hanya?"

"Ta ashirin da biyu. Bara aka yi ta."

"Wa ya rubuta ta?"

"Wata yarinya 'yar Bergen. Ba ta san ki ba."

Ta lumshe ido. "To, ya yi aiki."

Na ce, "Aslaug, wa ya juya allon?"

"Ki tambayi Kjetil, shi ya yi jami'a."

Ciwon huhu ya kama ta a gadon, ta mutu bayan sati uku. Ba ta bar wasiyya kan inda za a sa ta ba, aka binne ta a gari. Mu bakwai ne a wurin, har da fasto.

Cikin Afrilu Kjetil ya kira ni a waya, a lokacin na riga na yi ritaya. Ya ce ba mai rajista a Sauholm yanzu, hukuma ta ce a cire layin, ya ga ya kamata in sani. Shi da kansa ya cire, bai ba kowa ba. Ya ce aikin da ya ɗauka na minti biyar ne ya cinye masa safiya guda, don ta ɗaure abin ta wurare uku. Ya tambaye ni ko ina ganin ya yi daidai. Na ce ƙa'ida ce, ni me zan ce.

Tun daga ranar jirage ta ciki suke bi. Oddvar ya mutu, ba mai ɗana tarko a bayan duwatsu yanzu. Shekara goma sha huɗu ke nan ban ji wanda ya ce ya kalli matsayar Sauholm daga teku ba. Ban san wane gefe allon ke nunawa ba, ban kuma aiki kowa ya dubo ba.